Wane busasshen abinci zan saya wa kwikwiyona Jaman Shefad?

Tambaya: Salam likita. Na sayi kwikwiyo Jaman Shefad ɗan wata 3 don gadin gida a nan Kaduna. Na shiga shagon kayan dabbobi na tarar da buhunan abinci kala-kala, na rasa wanda zan ɗauka. Wanda ya sayar min da shi ya ce in riƙa ba shi ƙwayar kalsiyam don ƙashinsa ya yi ƙwari kunnuwa su miƙe, wani abokina kuma ya ce in guji mai furotin da yawa. Wanne zan saya, kuma nawa zan riƙa zuba masa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Dan Allah kafin komai ka ajiye maganar ƙwayar kalsiyam ɗin nan, in ma ka riga ka saya kar ka ba shi, ita ce ta fi damuna a duk tambayarka.

Dalili kuwa, kwikwiyon da bai kai wata 6 ba hanjinsa bai iya tace kalsiyam ba tukuna. Babban kare in ya samu fiye da buƙata jikinsa zai ɗauki kaɗan sauran ya fita a kashi, amma ƙarami yawanci zuƙewa kawai yake yi, ya je ya dagula yadda guringuntsi ke rikiɗa ya koma ƙashi a gaɓoɓi. Likitocin dabbobi a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun gwada wannan a kan kwiyakwiyan Giret Den, wani irin ƙaton kare, tun shekarun 1980, waɗanda aka cika wa kalsiyam suka samu matsalar gaɓoɓi da karkacewar ƙafa. A can ne kuma aka gwada furotin, aka ga yawansa bai lalata ƙashi ba, toh ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankali. Kunne kuwa ai ba ƙashi ba ne guringuntsi ne, kuma yakan faɗi ya tashi lokacin da kwikwiyo ke canza haƙora, mafi yawansu in sun gama wajen wata 6 zuwa 7 da kansa yake tsayawa.

Namijin Jaman Shefad in ya girma yana kai kilo 30 zuwa 40, mace 22 zuwa 32, kaga yana cikin manya kenan, tare da su Rotwaila da Kokeshiyan. Saboda haka buhun da za ka nema shi ne wanda aka rubuta "Large Breed Puppy" ko "Maxi Puppy" a gabansa, wato na kwiyakwiyan manyan karnuka. Amma fa kar ka tsaya a gaba, hoton ƙaton kare da naman da aka zana ba sa nuna komai, juya bayan buhun wajen ƙananan rubutun nan. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin abincin dabbobi, ta sa ƙa'ida cewa abincin girma na karen da zai kai fam 70, wato wajen kilo 32, kalsiyam ɗinsa ya kasance tsakanin kashi 1.2 zuwa 1.8 cikin ɗari in an cire danshi, furotin kar ya gaza 22.5, maiƙo kar ya gaza 8.5. A kan buhu lambar takan ɗan yi ƙasa da haka saboda ɗan danshin da ke ciki, ni in na ga kalsiyam tsakanin 1.1 da 1.5, fosfaras kuma ƙasa da shi kaɗan, hankalina ya kwanta. Na Amurka za ka ga layin da ya ce "including growth of large size dogs", wato har da girman manyan karnuka, in ka ga "except for" a wurin, wato ban da su, to mayar da shi kan kanta, ba naka ba ne. Na Turai ƙa'idar FEDIAF, ƙungiyar masu yin abincin dabbobi ta can, suke bi. Royal Canin Maxi Puppy, Hill's da Purina Pro Plan duk suna da na manyan kwiyakwiyai, na san kuɗinsu ya yi sama sosai yanzu, in aljihu bai kai ba ka ɗauki mai sauƙi matuƙar lambobin nan sun zauna daidai. Wanda ba a rubuta adadin kalsiyam ba kwata-kwata, gaskiya ban yarda da shi ba.

Sai maganar yawa, nan ne masu karen gadi suka fi shiga matsala don kowa so yake a ce karensa ya fi na maƙwabci girma a wata 5. Girman da zai kai yana cikin jininsa, ɗura ba ta ƙara masa tsawo, gaggauta shi kawai take yi, nauyi ya hau kan ƙashin da bai nuna ba kamar ka ɗora bene kan bulon da bai gama bushewa ba, shi kuma irin nan dama yana da gadon ciwon ƙugu. Kamfanin Purina ya bi karnuka Labrado 48 tun suna ƙanana har mutuwarsu, rabi aka rage musu kashi 25 na abinci, waɗannan sai da suka fi 'yan uwansu daɗewa da kusan shekara 2 kuma ciwon gaɓoɓi bai kama su da wuri ba. Saboda haka ka bi jadawalin bayan buhu gwargwadon watanninsa da nauyin da zai kai, ka auna da sikeli ko kofi ɗaya tak, ka raba sau 3 a rana har wata 6 sannan sau 2, kar a bar kwano cike yini guda. Duk sati ka shafa gefen ƙirjinsa, ya kamata yatsunka su ji haƙarƙari ba sai ka danna ba, in ka tsaya a kansa ka leƙo ka ga ƙugu ya ɗan shiga. In ya zama dunƙule rage kaɗan. Zai zauna kan wannan abinci har wata 12 zuwa 15 kafin ka koma na manya.

Ka yi wa mutanen gida magana ma, ragowar tuwo da miya akwai albasa da tafarnuwa kuma suna lalata jinin kare, zallar nama kullum kuma shi ma ɓarna ne ta ɗaya gefen, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne fosfaras ya yi yawa, sai ƙashi ya yi laushi.

Wajen saye duba ranar lalacewa, kuma ka guji wanda aka farke buhu ana aunawa a leda, ba ka san yaushe aka buɗe ba balle abin da ke ciki. Zafin nan namu yana sa man abincin ya yi ɗoyi, damina kuma fumfuna, ita ko tana iya kashe hanta. Sayi wanda zai ƙare cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki, bar shi a buhunsa ka ɗaure baki ka ɗora kan katako a inuwa. In za ka canza daga wanda yake ci yanzu, ka riƙa gauraya sabon kaɗan-kaɗan na kwana 7 zuwa 10 don kar ya yi zawo, ruwa mai tsafta kuma kullum a gefe. Idan ka ga yana ɗingishi, ko ƙafafun gaba sun fara lanƙwasa, ko zawo ya wuce kwana 2, kai shi asibitin dabbobi da buhun abincin a hannunka, a duba maganar tsutsar ciki da allurar rigakafin fabo, cutar amai da zawo ta kwiyakwiyai, a tafiya ɗaya.