Yaya zan jagoranci yara a sansanin fasaha ba tare da na yi musu aikin ba?

Malama, kin ce kin tara yara lokacin hutu a ƙauyenku kusa da Kura, kuna saƙar faifai da ginin yumɓu, amma da sun ɗan kakare sai su miƙo miki ki gyara.

Da farko, ki riƙe naki aikin a hannu. Idan yarinya ta kasa juya kaba a bakin faifai, zauna gefenta ki nuna mata a naki, sannu a hankali, ita kuma ta maimaita a nata. Da zarar kin karɓa kin gyara, faifan ya zama naki, ita ma ta san haka.

Yabo ma a faɗi abin da aka gani. "Ya yi kyau" ba ya koya wa yaro komai. Ce masa, "Jan nan da ka sa kusa da baƙin shi ya fito da adon." Kada ki ɗaga aikin mutum ɗaya ki ce kowa ya duba, gobe duk irinsa za su kwaikwayo.

Kuskuren da na fi gani shi ne gaggawa. Tukunya tana son ta bushe a inuwa na kwanaki. Aka shanya ta a tsakiyar rana, ko aka gasa da sauran danshi, tsagewa za ta yi, yaro ya koma gida da kuka. Don haka a fara ginin tun ranar farko.

Gashin tukwane da rini kuwa, nemo masu sana'ar, Kura ba ta rasa marina. Akwai wuta, akwai sinadarin da ke ƙona fata. Ki sanar da iyaye da mai unguwa kafin ki kai yaran wurinsu.