Yayana ya ƙi barin Sudan: in matsa masa ya dawo Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya fi shekara ashirin a Al-Ubayyid ta ƙasar Sudan, inda ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, yana kuma da shagon sayar da hatsi. Tun da yaƙi ya ɓarke mahaifiyarmu ba ta samun barci, amma duk lokacin da muka roƙe shi ya dawo, sai ya ce ba zai bar gidansa da surukarsa mai ciwon sukari ba. Shin in ci gaba da matsa masa?

Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya kwantar wa Mama da hankali. Kada ki ɗauki maganar Yaya a matsayin taurin kai, domin mutumin da ya gina gida da guminsa, ya kuma ji yadda aka wawashe gidajen da masu su suka kulle suka tafi a Khartoum, yana da hujjar jin tsoron fita. Hausawa sun daɗe a can, tun masu tafiya aikin hajji a ƙasa da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 suka kafa garin Mai Wurno, saboda haka shi a gida yake ganin kansa.

Amma wannan yaƙi, wanda ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun rundunar ɗaukin gaggawa ta RSF, ya nuna cewa garin da ke lafiya yau yana iya zama fagen daga gobe. Dubban mutanen da suka gudu daga Khartoum sun fake a Wad Madani, sai ga shi a watan Disambar 2023 RSF ta kama garin, suka sake ɗaukar kaya. Ɗalibanmu da gwamnatin Najeriya ta kwaso a farkon yaƙin ma sun yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin su samu shiga, alhali da fasfo a hannunsu.

A ganina ki daina ce masa ya dawo, ki tambaye shi abin da zai gani ya ce zama ya ƙare. Ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa idan maganin surukarsa ya fara yankewa a kasuwa, ko ruwan sha ya gagara, ko aka fara tare hanyar fita daga Al-Ubayyid da ta nufi garin Kosti, to matarsa da yara da tsohuwar za su fita, ko da shi zai tsaya wa shagon. Na fi damuwa da hanyar, domin da zarar ta rufe kuɗin mota yakan ninka, mai ciwo kuma ba ya jure doguwar tafiya.

Akwai aikin da ya rataya a wuyanku a nan. Ya ɗauki hoton fasfonsa da takardar aurensu da takardun haihuwar yaran ya turo miki ta WhatsApp, tunda a Fabrairun 2024 layukan waya da intanet sun katse a yawancin ƙasar na tsawon makonni. Ku haɗa kuɗin mota a cikin dangi ku ajiye, ku gyara ɗakin da za su sauka, ki kuma sanar da shi cewa kun riga kun nemo wa yaran makaranta a Zariya.