Ra'ayin masu karatu kan littattafan soyayya masu batsa

Ƴar'uwa, kin tambaya dalilin da ya sa ra'ayin mata a nan Yamai ya rabu a kan jerin littattafan da ake kira na matan aure, waɗanda ake sakin su shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, kuma ko ya dace ki biya kuɗi ki karanta.

Masu yabonsu suna cewa a cikinsu ne suke samun bayanin zaman aure da kunya ta hana iyaye su yi musu, kuma ban raina wannan hujja ba, domin na san amaren da aka kai ɗaki ba su san komai ba. Masu suka kuwa sun fi damuwa da cewa gargaɗin da marubuciya take rubutawa a farkon shafi ba ya hana yarinya ƴar makaranta buɗewa, balle yanzu da ake karanta littattafan da murya a YouTube, inda ko wadda ba ta iya karatun Hausa ba za ta saurara. Gardamar ta daɗe, tun da a shekarar 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda labari yake lalacewa idan ya kai littafi na uku, saboda mai sayar da shafi tana jan zance domin kuɗi ya ci gaba da shigowa. Ki fara karanta shafukan kyauta, sannan ki tambayi wadda ta kai ƙarshensa kafin ki tura kuɗinki.