Ɗigo da layuka: ina ƙasar take a zanen matan hamadar Ostireliya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai koyon zane. Na ga ayyukan wasu mata 'yan asalin Ostireliya, wato Aborijin, an ce wai hoton ƙasa suke zanawa, har suna cin gasa. Ni kuwa ban ga dutse ko bishiya ba, sai ɗigo-ɗigo da layuka. Ina ƙasar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙasar tana nan, inda mai zanen ta tsaya ne ya bambanta.

Mai zane irin Elisabeth Cummings, 'yar Ostireliya wadda ba Aborijin ba, da aka haifa a 1934, takan fita daji ta dubi tsauni da itatuwa da hasken rana, ta kawo su kan ƙyalle. Ko da ta narkar da siffofin cikin launi, idonki zai gane wadda ta tsaya tana hange. Matan hamada kuwa a ƙasa suke shimfiɗa ƙyallen su zauna, kamar mai shanya hatsi a tabarma. Daga sama suke kallon ƙasar, har da abin da ke binne a cikinta.

Wadda ta fi ratsa zuciyata ita ce Emily Kame Kngwarreye, 'yar ƙabilar Anmatyerre daga yankin Utopia, arewa maso gabas da garin Alice Springs. An haife ta wajen 1910. A 1977 ta shiga cikin matan da suka koyi rinin batik, wanda ake ɗiga kakin zuma a yadi kafin a tsoma shi a rini. Ba ta kama fenti da ƙyallen zane ba sai ƙarshen 1988, tana dab da shekara 80. Kafin rasuwarta a 1996 ta yi zane kusan 3,000.

Nemi aikinta na 1995, Big Yam Dreaming, da ke gidan adana zane na jihar Victoria a Melbourne. Tsawonsa mita 8, baƙi wuluk, farin layi ya sarƙe shi ko'ina. Wannan layin saiwa ce ta wata siririyar doyar daji da suke haƙa su ci. Idan ta nuna, ƙasa takan tsage a samanta, macen da ta san daji tana ganin tsagar ta san inda za ta kafa sandar haƙa. Sunan Kame ma kansa daga ƙwayar irin wannan tsiro aka samo shi. Kin ga ashe abincinta da sunanta da mahaifarta Alhalkere duk suna cikin layi guda. Hannun ma ba sabon shiga ba ne, domin ta shekara da shekaru tana zana wa mata alamu a ƙirji da kafaɗu a bikinsu na awelye.

Su ɗigon suna da wani aikin. Da mazan Aborijin suka fara zane da fenti a ƙauyen Papunya da ke hamada a 1971, an yi ƙorafin cewa ana fallasa asiran gargajiya ga baƙi, sai wasu suka riƙa lulluɓe su da ɗigo. Kuma ba kowa ke zana abin da ya ga dama ba. Labarin wuri gado ne, wanda bai gada ba ba ya taɓawa. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an kwaikwayi ɗigon nan a rigar 'yan yawon buɗe ido kamar ado ne kawai.

Batun gasa gaskiya ne. Kyautar Wynne, wadda ake bayarwa a Sydney tun 1897, ta zanen ƙasar Ostireliya ce. A 1999 Gloria Petyarre, 'yar dangin Emily, ta lashe ta da zanen ganyaye, dubban shafe-shafen burushi masu kaɗawa kamar iska na hura su. Betty Kuntiwa Pumani ta ci a 2017, Yukultji Napangati a 2018, Sylvia Ken a 2019.

Idan kin sake buɗe hoton doyar nan, ki ɗora yatsa kan layi ɗaya ki bi shi a hankali. Za ki tarar da wurin da fentin ya fara ƙarewa a burushi, tsohuwar ta sake tsomawa ta ci gaba.