Game da sanya wa jariri kwalli

Malama, kin tambaya ko akwai illa a sanya wa jariri kwalli, tunda iyayenmu sun daɗe suna yi. Akwai, domin dutsen mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu yawanci ma'adinin dalma ne, kuma idan yaro ya murza ido ya kai yatsa baki, gubar takan shiga jininsa ta taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama ba. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun gwada kwallin wani jariri ɗan asalin Najeriya, suka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Shawarata ki daina, ki kuma nemi a gwada jininsa a asibiti.