Amsa: Mutum nawa gari ke buƙata kafin ya rubuta kundin mulkin kansa a Amurka?

Malam, ka tambaya ko akwai adadi ɗaya da dokar Amurka ta yanke. Babu. Gwamnatin tarayya ba ruwanta da wannan, kowace jiha ce ke yanke nata.

Jihar Misuri ce ta fara a 1875, ta ce sai garin da ya haura mutum 100,000, wanda a lokacin Sent Luwis kaɗai ya kai. Yanzu ta sauko zuwa 5,000. Tekzas ma tun 1912 sharaɗinta sama da 5,000 ne, kuma kaiwa adadin bai isa ba: sai an rubuta kundin, an kai shi akwatin zaɓe, mutanen gari sun amince. Garin da bai kai ba, dokar jiha yake bi, ba ya yin abin da ba ta ba shi izini ba. Okalahoma sama da 2,000 take nema, Arizona 3,500.

Ilinoyi ce ta fi burge ni. Tsarin mulkinta na 1970 ya ce garin da ya wuce 25,000 ya samu ikon mulkin kansa kai-tsaye, ko kundi ba sai ya rubuta ba, ƙananan kuwa sai ta ƙuri'ar raba gardama. Wace jiha kake nufi?