Jar rigar hafsan Ingila: duba aljihu kafin ka biya

Tambaya: Na fara tara tsofaffin kayan soja. A wani gwanjon intanet na ga jar rigar fareti ta hafsan sojan Ingila, mai ita ya ce ta zamanin Sarauniya Victoria ce, yana neman fam 450. In saya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, kada ka tura ko kwabo sai ya aiko maka da hotuna biyu: na maɓallan rigar daga kusa, da na cikin aljihu.

Maɓalli ya fi komai saurin tona asiri, domin kambin da ke jikin yawancinsu yana bin mai sarauta. Victoria ta rasu a 1901, daga nan aka koma kambin sarki mai kai kamar kifaffiyar ƙwarya, ana amfani da shi har 1952, sannan na Sarauniya Elizabeth ya shigo a 1953. In ka ga kambin sarki a wannan riga, ko dai ba ta kai shekarun da ake faɗa ba, ko an sauya mata maɓallai. Kowanne ne, kuɗin ya kamata ya sauka.

Amma ni aljihun ya fi damuna. Hafsoshin Ingila da kuɗinsu suke ɗinka kayan adonsu, wurin teloli irin na layin Savile Row a Landan. Tela kan liƙa ɗan ƙyalle cikin aljihu ko a bayan wuya, ya rubuta sunan hafsan da ranar ɗinki da tawada. Da ka sami sunan, neme shi a London Gazette, jaridar gwamnati mai buga naɗin hafsoshi da ƙarin girmansu, tana nan kyauta a intanet. In suna da runduna da shekara suka dace da rigar, ka riƙe tarihin mutum a hannunka, kuma abin da ake biyan kuɗi a kansa ke nan. Tun da yaƙi ya ɓarke a 1914 yawancin rundunoni suka ajiye jar rigar fareti. Masu tsaron fada da 'yan badujala ne suka ci gaba da sawa, ga kuma tulin waɗanda aka ɗinka don wasan kwaikwayo. In mai ita ya fara kwana-kwana kan hotunan, rabu da shi.

Tambaya: Kakana ya yi soja zamanin Turawa, ya bar jar dara da jar 'yar shara ta fareti. Wani dillali ya taya. In sallama? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, don Allah kar ki sallama. Wannan shigar RWAFF ce, wato rundunar sojan da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma, mai alamar bishiyar kwakwa, wadda aka rushe a 1960. Dillali ja kawai ya gani, ke kuwa kin san mai ita. Rubuta sunansa da lambarsa da inda ya yi yaƙi tun dattawan gidan suna raye, ki ajiye takardar tare da kayan.

Kada ki wanke su, kada ki goge zaren adon da man goge ƙarfe. Naɗe su a farin ƙyallen auduga, ban da leda, domin gumin damina funfuna yake kawowa. Ki riƙa buɗewa kina dubawa saboda asu, a inuwa, don rana na kashe jan ulu.